Jirgin gangara: tarihin wasan da ake biya don a ji tsoro

A manyan biranen Turai da Amurka da Asiya akwai filayen wasa da ake shiga da kuɗi. A cikinsu akwai wani abin hawa wanda ba shi da suna a Hausa. Bari mu kira shi jirgin gangara.

In ka taɓa zuwa Kano ka ga jirgin ƙasa, to ka ga babban wansa. Shi ma bisa dogo yake tafiya, shi ma taragai gare shi. Amma jirgin ƙasa wani gari yake kai ka. Wannan kuwa inda ya ɗauke ka nan zai sauke ka, bayan minti biyu ko uku. Kuma dogonsa ba a ƙasa yake shimfiɗe ba. An ɗora shi bisa ginshiƙai, ya hau sama ya wuce kan giginya, ya gangaro, ya sake hawa, ya karkace, ya murɗe.

A ce ka shiga. Ka zauna, an sauko da wani ƙarfe an danne maka cinya ko kafaɗu, an kulle. Jirgi ya fara hawa sannu a hankali. Kana jin ƙara a ƙarƙashinka, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Mutanen ƙasa suna ta ƙanƙancewa har su koma kamar tururuwa. Sai ka kai ƙololuwa. Ka duba gabanka, ba ka ga dogo ba, sai sarari. Sai jirgi ya sunkuya ya faɗa. Hanjinka ya taso kamar zai fito ta baki, gindinka ya rabu da kujera, iska ta cika maka ido. Ƙatti masu gemu ihu suke yi a wurin. Kafin ka gama salati kun kai ƙasa, wani nauyi ya danna ka cikin kujera kamar an aza maka buhun gero biyu.

Ga abin mamakin. Yawancin jiragen nan ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce take jawo su zuwa saman tudu na fari, kamar yadda sa yake jawo guga daga rijiya. In sun kai sama sai sarƙa ta sake su. Daga nan har ƙarshe faɗuwa kawai suke yi, kamar guga da igiyarta ta kuɓuce. Gudun da suka samu wajen faɗowa shi ke haye da su tudu na biyu. Shi ya sa sauran tuddai ba sa kai na fari tsawo. Cikinka kuwa yana tashi ne don kai da kujera da hanjinka duk tare kuke faɗuwa, ba abin da ke tallafe wani.

Faɗuwa ba ta da wuya, kowane yaro ya iya ta. Abin da ya ɗauki mutane shekaru fiye da ɗari biyu shi ne koyon yadda za a jefo mutum daga sama ya sauka da ransa.

Tudun ƙanƙara

Abin ya faro ne a ƙasar Rasha, tun wajen shekarun 1600. Can sanyi yana da tsanani, har ruwa yakan daskare ya zama dutse wata da watanni. Mutane sukan gina dogon dandamali na katako, da matakala a bayansa da gangara a gabansa. Su kwarara ruwa bisa gangarar, dare ɗaya ya daskare ya yi santsi. Sai mutum ya hau matakala, ya zauna bisa wani ɗan katako, ko ma bisa curin ƙanƙara da aka shimfiɗa wa ciyawa, ya zamo. A ƙarshen hanya ana zuba rairayi don ya tsai da shi. Wasu tuddan sun kai metir 20 ko fiye.

Talakawa suna yi, sarakai ma suna yi. Sarauniya Katarina, wadda ta mulki Rasha daga 1762 zuwa 1796, ba ta so zuwan zafi ya raba ta da wasan ba. Aka gina mata tudu a gidan sarautar Oranienbaum, kusa da birnin San Fitasbag, da ƴan kekuna masu ƙafafu da ke gangarowa ko babu ƙanƙara.

Daga Rasha wasan ya isa Faransa. A 1817 aka buɗe irin waɗannan tuddai a birnin Paris, da kekunan da aka saƙala ƙafafunsu a jikin hanya. Faransawa suka sa musu suna tuddan Rasha. In kana da ɗa a lakwal, tambaye shi, har yau haka sunan yake a Faransanci. Su kuwa mutanen Rasha, tuddan Amurka suke ce wa jirgin gangara na zamani. Kowa ya ɗora wa wani haukar.

Alfadarai a cikin tarago

Me ya kawo Amurka cikin zancen? Gawayi ne ya kawo ta. Ba na itace ba, gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Anu Araren, arewa da Agadas.

A jihar Fensilbaniya akwai wani dutse mai gawayi a samansa, kogi kuma yana can ƙasa, a wani gari da ake rubutawa Mauch Chunk, ana faɗinsa Mok Cank. Sai an kai gawayi bakin kogi kafin jiragen ruwa su kai shi kasuwa. A 1827 masu kamfanin suka shimfiɗa dogo mai tsawon kilometir 14 daga saman dutse zuwa kogi. Ba su sa inji ba. A cika taragai, a tura su, su gangara da kansu, mutum ɗaya yana riƙe da birki.

To, wa zai mai da taragai sama in an juye gawayi? Alfadarai. Amma in an bar su su sauko da ƙafa, sai a ɓata lokaci. Saboda haka aka yi musu nasu tarago. Su jawo taragai zuwa sama, aikin awoyi, sa'an nan a shigar da su tarago su gangaro cikin kamar rabin awa, suna cin abincinsu. Ana ba da labari cewa alfadarin da ya saba da haka, ko an doke shi ba ya yarda ya sauko da ƙafa. Duk mai jaki ba zai yi gardamar wannan labari ba.

Mutane suka ga abin da alfadarai ke mora, su ma suka fara biya a gangaro da su. A 1872 aka huda dutsen, gawayi ya sami wata hanya. Dogon ya zama na ƴan yawon buɗe ido kaɗai, ya yi ta aiki har farkon shekarun 1930.

Wani Ba'amurke mai suna LaMarcus Thompson ya ga akwai kuɗi a gangara. Ya ce ba sai an je dutse ba, a gina dutsen da katako a inda jama'a take. Ranar 16 ga Yuni 1884 ya buɗe nasa a Coney Island, wani bakin teku a birnin Niyok inda ma'aikata ke zuwa shan iska. Tsawon hanyarsa bai kai metir 200 ba. Gudunsa kilometir 10 a awa, mai keke ma ya fi shi. In tarago ya kai ƙarshe, ƙarti ne ke tura shi sama da hannu. Kuɗin shiga santi 5. Duk da haka masu tarihi sun rubuta cewa yakan tara dala 600 a rana. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Santi 100 ne a cikinta. Ɗauki alli ka yi lissafi: dala 600 santi 60,000 ke nan, ka raba da 5, za ka sami mutum 12,000 a rana ɗaya.

Inda aka ga kuɗi haka, ba a barin mutum ɗaya ya ci. Shekara guda bayan haka, a 1885, Phillip Hinkle ya kawo injin da ke jawo tarago zuwa sama. Ƙarti suka huta, tudu kuma ya sami damar ƙara tsawo.

Ƴar ƙafar da ke ƙarƙashi

A nan aka ci karo da babbar matsala. In tarago ya zo kan tudu da gudu, so yake ya tashi sama ya bar dogo, kamar amalanken da ya taka tudu a guje. Ba abin da ke riƙe da shi sai nauyinsa. Dole magina suka riƙa yin gangara mai sauƙi, suna kuma zaunar da mai birki a tsakiyar jirgi, yana rage gudu da hannu. Ran mutane ashirin yana hannun mutum ɗaya. In ya yi gyangyaɗi, shi ke nan. Har yau akwai ƴan tsofaffin jirage masu mai birki, kamar na birnin Melbon a Ostareliya, wanda aka gina a 1912, da na birnin Kofanhegan a Danmak, na 1914.

Wanda ya warware matsalar sunansa John Miller. Tun yana saurayi ya yi aiki a ƙarƙashin Thompson. A 1919 ya yi rajistar wata dabara. Ban da ƙafar da ke tafiya bisa dogo, da wadda ke dafa shi ta gefe, sai ya ƙara ta uku a ƙarƙashin dogon. Dubi hannunka in ka riƙe ƙotar hauya: yatsu ta sama, babban yatsa ta ƙasa. Haka tarago ya kama dogo. In ya so tashi sama, ƙafar ƙasa ta riƙe shi.

A ganina, duk tarihin nan ba ranar da ta kai wannan. Mai hawa ba ya ganin ƙafar nan, ba ya ma sanin tana nan. Amma duk gangara mai tsayi da aka gina daga baya, a kanta ta dogara.

Miller ya kuma gyara wata dabarar. Ka tuna ƙarar nan, ƙwas, ƙwas, lokacin hawa? A gefen sarƙa akwai jerin haƙoran ƙarfe. A ƙarƙashin tarago kuma akwai wani harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. In sarƙa ta tsinke, harshen ya maƙale, jirgi ya tsaya cik, ba ya komawa da baya. Ƙarar da ke tsinka wa mai hawa zuciya, ita ce shaidar cewa mai tsaronsa yana aiki.

Da aka sami waɗannan, sai magina suka saki jiki. Cikin shekarun 1920 jiragen gangara sun wuce 1,000. Wanda ya fi suna shi ne Cyclone, wanda aka buɗe a Coney Island ranar 26 ga Yuni 1927. Tsawonsa metir 26. Hasumiyar masallacin Agadas metir 27 ce, ka ga kusan kai ɗaya suke.

Bari in nuna maka yadda ake auna tsayuwar gangara, don za mu bukace shi. Da digiri ake aunawa. Fili shimfiɗaɗɗe 0 ne. Bangon ɗaki, wanda yake tsaye sak, 90 ne. Gangarar Cyclone ta kusa 60. Wato ta fi kusa da bango bisa ga fili.

Daga 1929 tattalin arzikin duniya ya karye. Wanda bai ci ba, ba ya sayen tsoro. Yaƙin duniya na biyu ya biyo baya. Aka rufe filaye da yawa, aka rushe jirage, wasu gobara ta cinye.

Zamanin ƙarfe

Wasan ya farfaɗo bayan an buɗe filin Disneyland a jihar Kalifoniya a 1955. A 1959 aka gina wani jirgi a can mai suna Matterhorn, wanda dogonsa bututun ƙarfe ne. Katako yana da iyakar lanƙwasa. Bututu kuwa maƙeri yana iya murɗa shi yadda ya so.

Da bututu aka cika wani tsohon buri, wato a juya mutane kai ƙasa ƙafa sama. Ka san in ka ɗaura igiya a ƴar guga mai ruwa ka wulwula ta da sauri, ruwan ba ya zuba ko ta zo bisa kanka. An gwada haka da mutane tun 1895 a Coney Island, da wani jirgi mai suna Flip Flap. An yi da'irarsa zagayayya kamar faifai. Nauyin da ke danne mutum a ciki ya yi yawa, mutane suna fitowa da ciwon wuya. Bai daɗe ba aka rufe shi. Wani injiniya Bajamushe, Werner Stengel, shi ya zauna da lissafi ya fitar da siffar da ta dace: faɗi a ƙasa, matsewa a sama, kamar ɗigon ruwa da aka kifa. Da ita aka gina jirgin Revolution a Kalifoniya a 1976. Shekara 81 ke nan tsakanin gwaji da dacewa, kuma takarda da alƙalami ne suka raba gardama.

Daga nan sai tsere. A 1998 aka buɗe Oblivion a filin Alton Towers na Ingila. Gangararsa ta kusa 90. Yakan kai mutane bakin gangara ya tsai da su ƴan sakan, fuskarsu na kallon ƙasa, sa'an nan ya sake su. Su faɗo metir 55, su shige wani baƙin rami da aka haƙa a ƙasa, da gudun da ya wuce kilometir 100 a awa. A Afirka ta Kudu, a birnin Johannasbag, an gina filin wasa a kan tsohuwar mahaƙar zinariya, a 2001 kuma aka buɗe wani jirgi a wurin da ke jefa mutane cikin rami. A 2011 Japan ta buɗe Takabisha mai digiri 121. Wato ya wuce tsayuwar bango, dogon ya lanƙwashe ya koma ciki, kamar gaɓar kogin da ruwa ya ci ta ƙasa.

Wasu kuma suka bar sarƙa, suka koma harba jirgi da ƙarfin inji tun daga ƙasa. Kingda Ka, wanda aka buɗe a Amurka a 2005, yakan kai gudun kilometir 206 a awa cikin sakan uku da rabi, ya hau metir 139. Hasumiyar Agadas biyar ke nan, wata bisa wata. Formula Rossa na Abu Dabi, na shekarar 2010, an gina shi ya kai kilometir 240 a awa. Da mota za ta riƙe wannan gudu, da awa ɗaya ta ishe ta daga Maradi zuwa Damagaram. Masu hawansa sai sun sa tabarau, don ƙwayar rairayi a wannan gudu tana iya ɓata ido.

Ranakun baƙin ciki

Za ka tambaya: ba a mutuwa? Ana mutuwa, amma ba sau da yawa ba. Ƙungiyar masu filayen wasa ta ce a Amurka, cikin hawa kamar miliyan 15, sau ɗaya ake samun mummunan rauni. Mai kaya ba ya kushe kayansa, gaskiya ne. Duk da haka, wanda ya hau saman babbar mota ranar kasuwa, bisa buhuna, ya fi mai hawan jirgin gangara kasada nesa ba kusa ba.

Sai dai a duba yadda hatsarin ke faruwa in ya faru. A watan Yuli 1930, a birnin Omaha na Amurka, wani ƙarfen birki ya kwance, jirgi ya sauka daga dogo ya faɗo. Mutum 4 suka mutu. Hukumar birnin ta hana wasan.

Ranar 30 ga Mayu 1972, a filin Battersea na birnin Landan, igiyar da ke jawo jirgi sama ta tsinke. Abin da ya kamata ya hana shi komawa da baya bai kama ba. Jirgi ya koma da gudu, cike da yara, ya fita daga dogo. Yara 5 suka mutu, 13 suka ji rauni. Da aka bincika, aka tarar jirgin tsoho ne mai lahani da yawa da ba a gyara ba. An san dabarar tsaro shekaru da dama kafin ranar. Kulawa ce babu.

Na uku ya fi ba ni tsoro, don jirgin sabo ne. A jiragen zamani ana raba dogo kashi kashi, kwamfuta kuma ba ta barin jirgi ya shiga wani kashi sai na gabansa ya fita. Ranar 2 ga Yuni 2015, a Alton Towers, wani tarago da ba kowa a ciki ya tsaya a tsakiyar hanyar jirgin Smiler. Kwamfuta ta gane, ta tsai da taragon baya mai ɗauke da mutum 16. Ma'aikata suka zaci kuskure ta yi. Suka ba da umurni da hannu a ci gaba. Tarago ya je ya daki wanda ke tsaye. Ƴan mata biyu sai da aka yanke wa kowacce ƙafa ɗaya. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5, ta ce laifin na tsarin aikinsa ne.

Shi ya sa a ƙofar kowane jirgi akwai allo da rubutu. Mace mai ciki kada ta hau. Mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mai ciwon baya ko wuya, kada su hau. Akwai kuma sandar awo: yaron da kansa bai kai alamar ba, ana mai da shi baya ko ya yi kuka, don ƙarfen da ke danne babba ba ya riƙe ƙaramin jiki. In wata rana tafiya ta kai ka irin wannan wuri, tsaya ka karanta allon da kanka kafin ka miƙa kuɗi.

Kingda Ka, mai hasumiya biyar, bai cika shekara 20 yana aiki ba. An rufe shi a ƙarshen 2024, a watan Fabrairu 2025 aka sa masa nakiya ya zube. Cyclone kuwa, mai dogon katako, yana nan a Coney Island. An so rushe shi cikin shekarun 1970, mutanen birni suka tashi suka hana. Kowace shekara in sanyi ya wuce ana buɗe shi, kuma kafin a ɗauki mutum na fari da safe, sai ma'aikata sun bi dogon da ƙafa, suna duba katako, suna ɗaure ƙusoshin da suka saki. A 2027 zai cika shekara 100.